Baffa Bakwai da Makwancin Dodo

To, Siu-ping, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara min magana.

Sunansa na takarda Fok Lai-tong, amma in ka shigo Sek Wan ka ambaci wannan suna sai a tsaya ana kallonka. Duk garin nan Fok ne. Shi ne na bakwai a cikin mazan gidansu, shi ya sa tun yana yaro ake ce masa Bakwai, da ya manyanta ya zama Baffa Bakwai a bakin kowa. Ni Yaya nake ce masa, don ubanninmu wa da ƙane ne, ya kuma ba ni shekara uku.

Sana'arsa kiwon kifi. Tafki biyu gare shi a bakin rafi, babba da ƙarami, da su ya ci da iyali har ya aurar da 'ya'ya huɗu. Amma ba da kifi aka san shi ba. Shekara arba'in da takwas makullin rumfar jiragen ruwa ta ƙungiyar tseren garinmu yana wuyansa. Ba wanda ya naɗa shi, ba a kuma taɓa biyansa ba, don a ƙungiyar nan ba mai albashi, kowa da abin da yake kawowa. Ubansa ne mai riƙe da makullin. Da ya rasu aka zo wanke kayansa, uwarsu ta tsinci makullin a aljihu, ta ɗaga kai ta ga Bakwai ne a kusa, ta miƙa masa. Shi ke nan naɗin.

Aikin rumfa ba ya ƙarewa. Filafilai tamanin ne a jere jikin bango, duk sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya da tsumma da mai. Bai iya karatu ba, kamar ni, amma kowane filafili ya san mai shi, don yana yi musu shaida da wuƙa a gindi. Wanda ya jingine nasa baki a ƙasa, ranar zai ji sunan kakansa. Ga babbar ganga, wadda ni na kaɗa shekara talatin, ba ta son rana ba ta son laima, sai a rataye ta inda iska ke ratsawa. Ga laimomin ado da tutoci, da ɓera da kyankyaso ke yi wa dako. Ga igiyoyi. In guguwar teku ta wuce, kafin ya duba rufin gidansa sai ya hau na rumfa. Matarsa, Goggo Yuk-lin, takan tsaya a ƙasa ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai tsohon nan, ruwa na zuba a kan gadonmu, kai kana can kana yi wa filafili rufi!" Shi kuwa sai ya ce, "Matsar da gadon mana."

Duk wannan ƙaramin aiki ne. Babban shi ne Dodo.

Dodo jirgin tseren garinmu ne, ya haura shekara ɗari da ashirin. Baƙin katako ne daga ƙetaren teku, mai nauyi kamar ƙarfe, yana ɗaukar maza saba'in. Kansa da wutsiyarsa ana cire su a ajiye a zauren kakanni. Gangar jikin kuwa ba ta zama a rumfa. Irin wannan katako in ya sha iska sai ya tsage, a cikin laka yake rayuwa. Don haka da an gama tseren wata na biyar, sai a jira ruwa ya janye, a kai shi gindin ceɗiyar bakin rafi, a cika shi da laka ya nutse, a kafa gora huɗu don shaida. Mu ce mun kwantar da Dodo. In wata na huɗu ya kama, maza su tuɓe su shiga laka har ƙirji, su kwashe da hannu da bokiti har ya taso. A wanke shi, a shafe shi da kitsen alade, a toshe duk wata kafa da ƙwaɓin farar ƙasa da mai.

Bakwai ne ke fara shiga. Da tafin ƙafa yake laluben bakin jirgin a cikin laka, in ya taka shi sai ya ɗaga hannu, sannan saura su biyo. Bayan an wanke, ya bi shi tun daga gaba har baya yana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, kunnensa a jikin katako. Inda sauti ya canza ya tsaya ya ce, "Nan." A duba, a kuwa samu. Ya sha gaya mana tsawon Dodo taku arba'in da biyar ne, shi da kansa ya auna shekarar da ya karɓi makulli. Riƙe wannan, zai dawo.

Ana nan, samari suka kawo sababbin jirage biyu na roba, marasa nauyi, mutum goma su ɗauka. Bakwai bai ƙi su ba. Ya yi musu maratayi, yana wanke su, sai dai bai taɓa ƙwanƙwasa su ba. Ya ce abin da ba ya amsawa ba a tambayarsa. Shugaban ƙungiya a lokacin A-Keung ne, ɗan babban wan Bakwai, mai masana'antar fanka a bakin titi. Mutumin kirki ne, ki rubuta wannan, kada 'ya'yansa su karanta su ce na ɓata ubansu. Shi ya ja gaba aka rushe tsohuwar rumfa aka gina doguwa mai rufin kwano, da famfo da wutar lantarki.

A shekarar da Bakwai ya cika saba'in da biyu, hukuma ta zo gyaran rafi saboda ambaliya. Suka ce za a kwashe laka duka, a shimfiɗa dutse da siminti tun daga gada har mashiga. Gindin ceɗiya na ciki. Aka gama tseren wata na biyar, Dodo na kan ruwa, makwancinsa kuwa injin haƙa ya riga ya fara cinye shi.

Aka taru a rumfa da yamma, ana shan shayi. A-Keung ya miƙe ya ce ya yi tunani: a ɗora Dodo kan ƙarafa a cikin sabuwar rumfa, a shafa masa fenti mai sheƙi, a sa masa fitilu a ƙasa. Baƙi su zo su gani, yara su san abin da kakanninsu suka bari, a kuma huta da shiga laka.

Bakwai ya ce, "Zai mutu."

"Haba Baffa, katako ne fa. Ya mutu tun ranar da aka sare shi."

"Kai ma in aka ɗora ka kan ƙarfe wata goma aka kunna maka fanka, ka gaya min."

Aka yi dariya. A-Keung ma ya dara, ya ce, "To Baffa, ina za mu kai shi? Ka nuna min laka taku hamsin a garin nan da ba ta da mai ita, gobe in sa kafaɗa." Gaskiya ce, babu. Garin da ke sama da mu sun ce makwancinsu ya cika da nasu uku. Aka ɗaga hannu, mutum biyar kawai suka bi Bakwai. Ni ma, ki rubuta, A-Keung na bi. Gwiwoyina sun gaji da laka.

Abu ɗaya ya ci nasara a kai: ba a shafa fentin ba. Ya ce duk wanda ya kawo gwangwanin fenti rumfar nan da shi zai yi masa wanka.

Aka ɗora Dodo. Ya yi kyau kuwa, ba ƙarya. Mutane na zuwa daga birni suna ɗaukar hoto. Shi kuwa Bakwai ya shiga wani sabon aiki. Da safe kafin ya ba kifi abinci, sai ya zo ya jona tiyo a famfo ya jiƙa jirgin kaf, ya lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Da la'asar ya dawo ya sake. In baƙi za su zo, samari su kwashe buhunan, su tafi ya mayar. Haka wata shida, ko zazzaɓi bai hana shi ba. Goggo Yuk-lin ta ce da ita yake yi wa wannan hidima da ta koma budurwa.

Damina ta wuce lafiya. Da iskar arewa ta sauko, busasshiya mai sanyi, sai sauti ya fara canzawa. Yana ƙwanƙwasawa yana jin katakon ba lafiya. Farko tsaga siririya kamar gashi, kusa da mazauni na ashirin da uku. Bayan mako biyu farce na shiga. Ya hau mota ya je wajen wani tsohon masassaƙin jirage a can sama da kogi, ya kawo shi. Mutumin ya zagaya sau ɗaya, ya ɗaga buhu ya shinshina, ya tambaya wa ke zuba ruwa.

Bakwai ya ce, "Ni ne."

"Sau nawa?"

"Biyu kullum."

"To kai da iska kuka haɗu kuka yi aikin. Ka jiƙa ya kumbura, ta busar ya tsuke, ka sake jiƙawa. Da ka bar shi ma da bai kai haka da wuri ba. Ko ya zauna a jiƙe ɗungum, ko a bushe ɗungum. In bai koma laka ba kafin sabuwar shekara, ku nemi inda za ku rataye shi har abada, don ba zai ƙara hawa ruwa ba."

Bakwai ya raka shi mota, ya dawo ya naɗe tiyo ya rataye. Kwana uku ba ya cin abincin kirki. Na same shi zaune a kan gaɓar babban tafkinsa, na ce, "Yaya, ai ba laifinka ba ne." Ya ce, "Wa ya riƙe tiyon, kai?" Daga nan ya tashi ya fara takawa a bakin tafkin daga wannan kusurwa zuwa waccan, yana motsa baki. Ban gane abin da yake yi ba sai daga baya.

Ranar bikin tsakiyar sanyi ƙungiya takan yi cin abincin rana tare. A wannan shekara a cikin rumfa aka jera tebura, ƙarƙashin Dodo. Ana cikin ci, an kawo agwagwa, Bakwai ya taso ya zo bayan A-Keung, ya zare ɗaya daga tsinkayen cin abinci biyu da ke hannunsa.

"Baffa, lafiya? Ga wasu can a kwando."

"Naka nake so, Shugaba. Taso."

Ya hau benci, ya ɗaga buhu, ya zura tsinken ta cikin jirgi. Sai ga shi ya leƙo ta waje, da maiƙon agwagwa a bakinsa, daidai hancin A-Keung. Bakwai ya zare, ya matsa taku biyu, ya sake zurawa, ya sake fitowa. Sau huɗu.

Ya ce, "Biyu na iska ne, biyu nawa ne. Ni na jiƙa shi ba bisa ƙa'ida ba. Ban zo neman mai laifi ba."

A-Keung ya daɗe yana shafa tsagar da yatsa. Fuskarsa ta yi ja. Can ya ce, "Na gani, Baffa. Amma tambayata tana nan. Ina?"

"Babban tafkina. Lakarsa ta shekara sittin ce, ta fi ta gindin ceɗiya laushi. Na auna, taku arba'in da bakwai. Har da rarar biyu."

Daga teburin mata aka ji an dire kwano. Goggo Yuk-lin ta ce, "Wane tafki? Wanda muke ci da shi?"

"Akwai ƙaramin."

"Ƙaramin da ko agwagwa sai ta yi a hankali take juyawa? Kai tsohon nan, ka tambaye ni?"

"Ga shi ina tambaya."

"A gaban mutum ɗari!"

Ta san abin da ya sa ya yi a gaban mutum ɗari, shi ma ya sani: ba za ta iya ƙi a bainar jama'a ba. In an kwantar da jirgi a tafki ba a ƙara jan taru a ciki, don zai sarƙe, kuma duk shekara sai an zubar da ruwan a daidai lokacin da kifi ke girma. Tafkin ya tashi daga aiki ke nan. Ta dube shi, ta dubi tsinken da ke hannunsa, ta ce, "Ku kwashe kifin tukuna. Kuma ayabata da ke kan gaɓa, wanda ya taɓa min ita sai na karya masa filafili a ka."

Cikin kwana huɗu aka kwashe kifi aka rage ruwa. Rana ta biyar duk wani namiji mai ƙafa biyu ya fito, har ma'aikatan A-Keung, don rufe masana'antar ya yi. Aka sauke Dodo kan gungumen gora, ana ja da igiya ana mirginawa, wasu na ɗauke gora daga baya suna kaiwa gaba. Ni aka ba ganga, ina ba su taki. Tun hantsi har rana ta take tsaka kafin mu kai. Aka zura gaban jirgi cikin tafki, aka tura, aka tura, har ya daki gaɓar can. Aka waiwayo. Bayansa na nan a kan tudu, ya yi saura kamar tsawon mutum uku.

A-Keung ya share gumi ya ce, "Baffa, ba ka ce da rarar biyu ba?"

"Arba'in da bakwai na ƙirga. Sau uku."

"Shi jirgin fa?"

"Arba'in da biyar."

"Yaushe ka auna shi?"

Goggo Yuk-lin ce ta amsa daga inda take tsaye da butar shayi. "Yana da shekara talatin da ɗaya! Lokacin in ya taka sau ɗaya sai na taka biyu. Yanzu ku dube shi, tafiya kamar kaza a kan tabarma. Ya auna jirgi da ƙafar saurayi, ya auna tafki da ƙafar tsoho!"

Mutane suka zube a laka don dariya. Wani ya ce a yanke Dodon, wani ya ce a'a, a ja tafkin ya miƙe. Bakwai bai yi dariya ba. Ya dubi ƙafafunsa kamar yau ya fara ganinsu. Rana na dukan katakon, iska na kaɗawa, kuma ba yadda za a yi a mayar da shi rumfa a ranar. Wuri ɗaya ne za a iya faɗaɗawa: gaɓar gabas, inda ayaba goma sha biyu ke tsaye, uku da nono.

Ba wanda ya yarda ya kalli Goggo Yuk-lin. Ta ajiye buta, ta shiga bukkar kayan aiki, ta fito da adda. Samarin da ke kusa suka ja da baya. Ta wuce su, ta sare nonon ayaba ukun ta ajiye gefe, sannan ta miƙa wa A-Keung addar ta ƙota.

"Kai ka ɗora shi kan ƙarfe, kai za ka sare. Ni ba zan iya ba."

Ya sare. Aka haƙa gaɓa, kafin rana ta faɗi Dodo ya shige duka. Bakwai ya shiga laka har ƙirji a cikin wannan sanyi, ya bi da hannu yana tura laka cikin kowace tsaga, aka cika jirgin, ya nutse. Ya kafa gora huɗu, aka buɗe ruwa.

Wata biyar ba wanda ya san ko an makara. Ba a tono don a duba. Kullum da safe ya ba kifin ƙaramin tafki abinci, ya zo ya tsaya a kan babban, ya ga ruwa ya rufe, ya wuce rumfa wajen filafilansa.

Wata na huɗu ya kama. Aka yi gaisuwa a zauren kakanni, aka zubar da ruwan tafki, ya shiga ya lalubo da ƙafa, ya ɗaga hannu. Da aka wanke, ya bi yana ƙwanƙwasawa, mu kuma muna biye kamar masu rakiyar likita. Tsaga uku sun haɗe, ko farce ba ya shiga. Ta huɗu, ta mazauni na ashirin da uku, ta rage amma tana nan. Ya cusa mata zaren gora da ƙwaɓi, aka shafa kitse, aka mirgina shi zuwa rafi, aka sa kai da wutsiya. Maza saba'in suka hau. Ya ɗauke su.

Sai dai wurin nan yana tsatsafo, har yau. Ba mai yawa ba, kamar kwano ɗaya in an je gada an dawo. Bakwai ya ɗaure gwangwani da igiya a jikin mazaunin, ya ce, "Shugaba, ga kujerarka." A-Keung bai yi musu ba. Shekara tara ke nan a nan yake zama, ya tuƙa goma ya kwarfe ɗaya, garuruwan da muke kai wa ziyara har sun san shi, suna yi masa ihu daga gaɓa, "Mai gwangwani ya iso!"

Yaya Bakwai ya ƙara kwantar da Dodo sau bakwai. Bara waccan ya rasu, cikin wata na tara, bayan ya gama shafa wa filafilai mai. Makullin na wuyansa. Goggo Yuk-lin ta cire, ta aika aka kira A-Keung, ta ba shi. Kafin ya fita ta ce ya je ya sayo igiyar awo irin ta magina ya auna jirgin nan, ya rubuta a bango, kada wani ya ƙara sare mata ayaba. Ya auna. Yana nan a rubuce gefen ƙofa da jan fenti, gobe in kin wuce ki duba ki sa lambar a nan, ni ban iya karanta ta ba.